Zuwa ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa: kafin Formula 1 ta zo Abuja, wa zai saya wa yaron taya?

Assalamu alaikum Malam Shehu Dikko, shugaban Hukumar Wasanni ta Ƙasa, da sauran manyan da kuke aiki tare. Ranka ya daɗe, ya aiki, ya haƙuri da jama'a.

Ni bakanike ne a nan Apo, kuma ina cikin 'yan tsirarun da tseren mota ya shiga ransu har muke ƙin fita ranar Lahadi saboda shi. Tun da labari ya fito a 2025 cewa Najeriya na neman a ba ta damar karɓar Formula 1, gasar tseren mota mafi girma a duniya, a Abuja, maganar da nake ta ji a gareji da Facebook da teburin mai shayi ita ce wai nan da 'yan shekaru mu ma za mu samu namu Lewis Hamilton ɗin, wato zakaran tseren nan na Ingila, tunda ga yara nan birjik masu jini a jika, fili kawai suke jira. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki waya nake rubuto muku. Ba kushe neman na zo yi ba. Rabon Afirka da wannan gasa tun 1993 a Kyalami ta Afirka ta Kudu, shugaban Ruwanda Paul Kagame ma ya fito a Disambar 2024 ya ce Ruwanda na so, to in ana rabo ba laifi mu miƙa hannu. Amma karɓar gasa daban, samar da direba daban. Bahrain na karɓa tun 2004, Abu Dhabi tun 2009, kuɗi kuwa ba a magana, amma har yau ba ɗan ƙasarsu ko ɗaya da ya yi tsere a Formula 1. Chaina ta fara karɓa a 2004, sai a 2022 ta samu Zhou Guanyu, shi ɗin ma sai da aka kwashe shi yana yaro aka kai shi Ingila ya ƙarasa koyo a can. Finland kuwa ba a taɓa kai mata gasar ba ko sau ɗaya, amma ta fitar da zakarun duniya uku, Keke Rosberg da Mika Hakkinen da Kimi Raikkonen.

Kusan duk direban da kuka gani a talabijin a gokat ya fara, wato 'yar motar nan mai manne da ƙasa, ba rufi ba ƙofa, firam ne kawai da kujera da ɗan inji a gefe. Muna da irinta a wuraren shaƙatawa a Abuja, a biya kuɗi a yi 'yan zagaye a ɗauki hoto. Waccan ta nishaɗi ce. Ta gasa tana wuce kilomita 100 a awa, kuma yara 'yan shekara 8 zuwa 14 ne a kai. A duniya yaran da suka ƙware a kanta suna da yawan gaske, waɗanda suke kaiwa ga a biya su albashi don su tuƙa babbar mota kuwa ba su taka kara sun karya ba. Dalilin nake so mu duba.

Ranka ya daɗe kai mutumin ƙwallo ne, ka riƙe lig ɗin ƙasar nan, ka fi ni sanin yadda yaro ke tasowa. Ahmed Musa da Mikel Obi a Jos suka taso, fili ne da ƙwallo ɗaya da duwatsu biyu a matsayin raga, in yaro ya iya ba mai iya ɓoye shi, wani koci zai gani, kulob zai ɗauka, kuma daga ranar da aka ɗauke shi kulob ne ke biyansa, har Turai ta zo ta saya. To a tseren mota abin a juye yake. Direba ne ke biyan tawaga. Tun daga gokat har matakin da ke dab da Formula 1, kujerar sayenta ake yi, kuma uban yaro ne ko mai ɗaukar nauyinsa ke sa hannu a cek. Duk wanda ya shigo harkar nan da tunanin ƙwallo a kansa zai gina fili ya zauna yana jiran 'yan kasuwa su zo neman yara, kuma ba za su zo ba.

Toto Wolff, shugaban tawagar Mercedes, ya taɓa yin lissafin a wajen 2015, ya ce yaro mai hazaƙa sosai sai an kashe masa kusan yuro miliyan 8 kafin ya kai Formula 1, kuma wajen miliyan ɗaya a ciki a gokat kaɗai za ta tafi. Ko da an lissafa yuro a naira 1,500 ne, biliyan 12 kenan a kan mutum ɗaya, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Kuma lissafin shekarun baya ne fa, yanzu kakar Formula 2 guda ɗaya ana maganar yuro miliyan 2 ne zuwa sama. Matakan a jere suke, daga gokat sai Formula 4 da ake shiga daga shekara 15, sai ta yanki, sai Formula 3, sai Formula 2, kowane mataki ya fi na bayansa tsada nesa ba kusa ba, kuma da wuya yaro ya gama da mataki a shekara ɗaya.

Wani zai ce to ai a gokat dai ba wani kuɗi, ɗan inji ne kamar na babur. A nan ne mu masu sifana a hannu muka fi ganin abin. Tayar gasa laushi gare ta, tana kama kwalta sosai tana sabuwa, bayan 'yan zagaye ƙarfinta ya fara sauka. Yaron da ubansa ke da hali sabuwar taya yake sawa ko a ranar gwaji, yana da injina da yawa an gwada su an zaɓi wanda ya fi numfashi, firam ɗinsa da ya ɗan gaji a canza, ga bakanike nasa shi kaɗai, ga mai duba masa bayanan kwamfuta yana ce masa a kwana ta uku ka taka birki da wuri. Ɗayan kuma ubansa ne bakaniken, taya ɗaya za ta yi masa gwaji ta yi masa gasa. Tazarar da ke tsakaninsu a zagaye ba ta wuce ƙiftawar ido ba, amma a gasar da yara suka cika fili wannan ƙiftawar ita ce bambancin na gaba da na can baya. Mai neman yara daga manyan tawagogi irin su McLaren ko Ferrari ko Red Bull takardar sakamako yake dubawa, kuma takardar ba ta rubuta wa ya hau tsohuwar taya. Sannan in aka yi karo, kuɗin gyara a wuyan direba yake. Yaron da ya san in ya fasa mota kakarsa ta ƙare, ba zai kutsa inda ɗan mai kuɗi zai kutsa ba, sai a ce ba shi da zuciya, alhali aljihun babansa yake tuƙawa da shi a ƙwaƙwalwa.

Shi kansa Hamilton ɗin da ake ta kafa mana misali da shi, ya fara gokat yana shekara 8, babansa Anthony yana haɗa ayyuka da yawa a lokaci guda don a sayi kaya, kuma da McLaren ba ta ɗauke shi a 1998 yana shekara 13 ta biya sauran hanyar ba, Allah kaɗai ya san inda labarin zai tsaya. Shi da bakinsa ya faɗa a 2021 cewa harkar ta koma ta 'ya'yan masu biliyoyi. Esteban Ocon na Faransa babansa bakanike ne irina, gidansu da garejin suka sayar suka koma kwana a motar da suke jan kaya da ita daga fili zuwa fili. Shi ya dace, ya ci gasar Hungary a 2021. Amma wallahi duk lokacin da na ji ana ba da labarinsa don ƙarfafa gwiwa sai in tuna iyalan da suka sayar da nasu gidan ba wanda ya san sunansu. A ɗaya gefen ga Lance Stroll, babansa ya jagoranci sayen tawagar Force India sukutum a 2018, ita ce Aston Martin ta yanzu. Ba na cewa bai iya tuƙi ba, ya ci Formula 3 ta Turai a 2016, amma shi bai taɓa kwana da fargabar rasa kujera don kuɗi sun ƙare ba. Max Verstappen kuma babansa tsohon direban Formula 1 ne, mamarsa ma gwanar gokat ce, a cikin harkar aka haife shi.

A ce ma kuɗin sun samu. Kujerun Formula 1 guda 20 ne na tsawon shekaru, sai a 2026 da shigowar Cadillac suka zama 22, duk duniya fa, kuma wanda ya samu yana iya zama a kai shekara goma ko fiye, Fernando Alonso tun 2001 ya fara. Kafin direba ya shiga ana buƙatar babban lasisi mai maki 40 da zai tara a ƙananan gasanni cikin shekara uku. Felipe Drugovich ya ci Formula 2 a 2022, Theo Pourchaire ya ci a 2023, dukansu ba wanda aka ba kujerar tsere a Formula 1, kuma doka ta hana wanda ya ci Formula 2 ya sake komawa cikinta. Oscar Piastri da ya ci a 2021 sai da ya yi shekara guda a benci. Nyck de Vries ya zama zakaran gokat na duniya sau biyu, ya ci Formula 2 a 2019, da ƙyar ya samu kujera a 2023, tsere 10 aka sallame shi.

Akwai kuma waɗanda ba su ma nemi tafiya ba. A 1993 an tambayi Ayrton Senna, zakaran Formula 1 ɗan Brazil, wane direba ya fi jin daɗin karawa da shi a rayuwarsa, kowa na jiran ya ce Alain Prost, babban abokin hamayyarsa a Formula 1, sai ya ce Terry Fullerton, abokin hamayyarsa na zamanin gokat. Fullerton ya ci kofin duniya na gokat a 1973, kofin da shi Senna bai taɓa ci ba, amma bai taɓa shiga Formula 1 ba, a gokat ya zauna inda ake biyansa. Mike Wilson sau shida ya ci kofin a shekarun 1980, shi ma nan ya tsaya. Mutumin da kamfani ke ba albashi a ƙaramar mota, me zai kai shi inda za a ce ya kawo miliyoyi kafin ya zauna?

Kada in ɗora wa kuɗi komai. Gokat ba ta da abin da ke shanye gargada, ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyinta na baya, don haka sai tayar ciki ta ɗan ɗaga sama kafin ta sha kwana, da yawansu ma birkin baya kaɗai gare su, kuma ita da direbanta ba su kai kilo 200 ba. Motar Formula 4 ta haura kilo 500, ga giya, ga fukafukan da iska ke danne ta da su a ƙasa, yadda ake taka birki daban, yadda ake lallaɓa taya daban. Akwai yaran da hannunsu ba ya sabawa, wannan gaskiya ne. Amma sabon da me ake yin sa? Da awannin zama a cikin motar, kuma kowace ranar gwaji kuɗi ce. Mun sake dawowa gidan jiya.

Duk wannan fa matsalar yaron Ingila ce da na Italiya. Namu yaron sai a ƙara masa da nisa. Cibiyar gokat ta duniya tana Italiya, can ne kamfanoni irin su Tony Kart da CRG da Birel suke, can ne filayen Lonato da Sarno inda masu neman yara ke zuwa kallo. Yaron Kubwa ko Nyanya sai ya nemi biza, shi da babba ɗaya, sai tikiti, sai masauki, sai makarantar da zai riƙa bari, kuma duk a kuɗin waje, bayan tun Yunin 2023 da aka saki naira dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a 2024. In kuna son hujjar cewa ba jini ne ya hana mu ba, ga Ugo Ugochukwu, ɗan Oluchi Onweagba, 'yar Najeriya mai tallan kayan ƙawa. A New York aka haife shi a 2007, ya yi gokat ɗinsa a Amurka da Turai, ya ci kofin Turai na yara a 2020, McLaren ta ɗauke shi a 2021, ya ci gasar Macau a 2024. Tutar Amurka yake ɗagawa, kuma ba mai ganin laifinsa, mu me muka ba shi?

To ranka ya daɗe ga abin da nake roƙo. Filin gokat na gaske, kilomita ɗaya da 'yan kai ya isa, kuɗinsa bai kai na ƙofar shiga filin Formula 1 ba. Amma filin ba shi ne babban abu ba, tsarin gasar ne. Motocin su zama na hukumar gasa, iri ɗaya, injin a ɗaure shi da hatimi ba mai buɗewa, taya iri ɗaya adadi ɗaya, ranar tsere a yi ƙuri'a kowa ya ja lambar motarsa. Ba ni na ƙirƙiro ba, hukumar tseren mota ta duniya, FIA, na yin gasar yara mai kaya iri ɗaya tun 2010, Rotax mai ƙera injin gokat ma haka take yi a gasarta ta ƙarshen shekara. 'Yan Finland ɗin nan suna da gasar tsofaffin motoci inda kowa zai iya taya motarka a ƙayyadadden farashi kuma dole ka sayar, shi ya sa ba mai zuba mata dukiya. A matakin farko ba a buƙatar injin Italiya, irin injin Honda GX da ke kan injin markaɗe da famfon ban ruwa shi ne a kan gokat ɗin haya a ƙasashe da yawa, ba bakaniken da bai san cikinsa ba daga Apo har Panteka ta Kaduna. Abin da ba za a yi arha da shi ba shi ne hular kwano da rigar kariya da shingen gefen fili da motar asibiti, su kam a sayo masu inganci, kuma ku yi magana da kwastam a sassauta harajinsu.

Sai maganar zaɓe, kuma nan ne na fi jin tsoro don na san ƙasarmu. A sa na'urar auna lokaci a kowace mota, a riƙa wallafa lokacin kowane yaro a intanet a ranar, kowa ya gani. In ba haka ba kafin shekara ta zagayo jerin sunayen zai cika da ɗan wane da jikan wane, mu kuma a bar mu da ɗaure noti. A je makarantun gwamnati na Gwagwalada da Kuje da Bwari a ɗebo yara, mata da maza, don a shekara 9 ko 10 ba ƙarfin damtse ke tuƙa gokat ba. A haɗa da tseren kwamfuta wajen tacewa, tunda ya fi komai arha, Jann Mardenborough ta gasar PlayStation da Nissan ya fito a 2011 har ya je ya shiga ukun farko na rukuninsa a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Kuma a yi aikin tare da ƙungiyar masu motoci ta ATCN da ke wakiltar FIA a Najeriya, don lasisin yaran ya zama wanda ake karɓa a waje.

In an samu yaro ɗaya ko biyu da agogo ya nuna sun fita daban, don Allah kada a yi musu tallafin shekara ɗaya a ɗauki hoto a filin jirgi. Ko dai a ɗaure kwantiragi na shekaru da banki ko kamfanin waya ko na mai, kuɗin a ajiye inda canjin gwamnati ba zai taɓa su ba, ko kuma kada a fara. Yaron da aka cire daga makaranta yana 13 aka yar da shi yana 16 an cuce shi sau biyu. Kuma a daina nuna musu Formula 1 kaɗai. Sheldon van der Linde ɗan Afirka ta Kudu ne, a gokat ya fara a gida, bai taɓa shiga Formula 1 ba, amma ya ci gasar DTM ta Jamus a 2022 kuma BMW ke biyansa. Ga gasar Safari ta Kenya, tseren mota a hanyoyin daji, da ta koma jadawalin duniya a 2021. Waɗannan hanyoyin sun fi kusa da aljihunmu. Sannan kowace tawagar Formula 1 direba biyu gare ta, amma ma'aikatanta ɗaruruwa ne, manyan ma sun haura dubu, injiniyoyi da makanikai da masu walda da masu lissafi, kuma su tun ranar farko biyansu ake yi. Yaran da ke koyon aiki a hannunmu a nan Apo, da waɗanda ke karatun injiniya a Minna da Zariya, ƙofarsu ta fi ta direba faɗi. Samarin nan ma da ke wasan mota a titunan Abuja suna jefa rayukan mutane cikin haɗari, in akwai fili mai doka an samu inda za a ce su koma.

Kusa da ofishinku akwai filin tseren keke da aka gina don gasar Afirka ta 2003, kun fi ni sanin shekarun da ya yi ba a mora shi yadda ya kamata ba. Shi ya sa nake roƙon duk ranar da za ku fito da kasafin wannan aiki, ku nuna mana layi biyu daban, nawa ne na siminti da kwalta, nawa ne kuma na taya da mai da albashin masu horarwa a kowace shekara, kuma wa zai ci gaba da biya bayan an yanka ƙyalle. In kun kira taron jin ra'ayi a gayyato mu masu gareji, za mu zo da lissafin kayan gyara a rubuce.

Allah ya taimake ku a kan aikin, ya ba da ikon yin adalci.

Naku,
wani bakanike daga Apo, Abuja.